BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Jawabi Kan Tanadin Gida Domin Ranar Tsanani

A ranar Lahadin makon jiya ne wasu matasa na Unguwar Sarki da ke cikin garin Kaduna suka shirya zaman wayar da kai a harabar wata makarantar Islamiyya da ba ta da nisa da Masallacin Sultan Bello. Babban mai jawabi a wajen shi ne wani dattijo mazaunin unguwar, tsohon malamin gona da ya yi shekaru yana aiki da manoma a ƙauyukan Giwa da Soba kafin ya yi ritaya. Magidanta da matan aure da ɗalibai sun halarta daga Unguwar Kanawa, Unguwar Shanu, Badarawa da Malali. Ga yadda jawabin ya gudana.

Bayan yabo ga Allah da salati ga Annabi (SAW), Malam ya fara ne da wata tambaya wadda ya ce ba ya son kowa ya amsa da baki, kowa dai ya amsa wa kansa a zuci. Ya ce, "Da a ce yau da magariba za a sanar a rediyo cewa an sa dokar hana fita ta awa 24, kasuwa a rufe, banki a rufe, shagon bakin layi a rufe, to kwana nawa za a yi ana ɗora tukunya a gidanka?" Ya ce wanda amsarsa kwana ɗaya ce kada ya ji kunya, domin mafi yawan gidajenmu haka suke, sai an fita a samo sannan a ci. Amma fa ya sani cewa wannan adadin shi ne ainihin ƙarfin gidansa, kuma maƙasudin zaman shi ne a koyi yadda za a mayar da kwana ɗayan nan ya zama uku, ukun ya zama 14, daga nan wanda Allah Ya hore wa ya kai wata uku.

ABIN DA IDANUNMU SUKA GANI

Malam ya ce idan aka ambaci rushewar tattalin arziki mutane kan ɗauka wata rana ce guda da za a wayi gari komai ya ƙone ƙurmus. Ya ce a ƙasar nan ba haka abin yake zuwa ba. Yana zuwa ne da ɗaiɗai: yau kuɗi ya yanke, gobe wuta, jibi hanya, gata aikin da ake taƙama da shi. Daga nan sai ya shiga lissafo abubuwan da ya ce mutanen Kaduna ba labari aka ba su ba.

Ya tuna wa dattawa watan Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin takardun Naira, ta rufe kan iyakoki, ta ba mutane ƙasa da mako biyu su canza kuɗinsu. A shekarar ce kuma ake bin dogon layi don sayen madara da sabulu da shinkafa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, Naira da take kusan kai ɗaya da Dalar Amurka ta soma gangarowa. A 1994 ma'aikatan man fetur suka yi yajin aiki na kusan wata biyu, gari ya tsaya cik. A watan Janairun 1998 aka rufe bankuna 26 a rana ɗaya. Sannan ga masaƙun Kakuri da suka ciyar da dubban gidaje: KTL wadda aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007, magidanta da suka saba da albashi duk wata suka wayi gari ba su da ko sisi.

Game da dokar hana fita kuwa, ya ce garin nan ya gan ta a rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen Afrilun 2011, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuma hana maimaituwa. A 2020 saboda annobar korona an kulle jihar Kaduna daga ranar 26 ga Maris har kimanin kwana 75, sai 'yan kwanakin da ake buɗewa a cikin mako don a yi cefane. A ranar 5 ga Agustan 2024 an sake sa dokar awa 24 a Kaduna da Zariya lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa.

Ya ce amma darasin da ya fi kowane girma shi ne na farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, ya janye tsofaffin, sababbin kuma ba su wadata ba. Mutum na da kuɗi a asusu yana gani a waya, amma ba zai iya sayen kwanon gari ba. Masu POS suna sayar wa mutum kuɗinsa da kuɗi, taransifa kuma ta maƙale. Har ta kai gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A watan Oktoban shekarar kuma, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya rage shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi kusan kwana 10 cikin duhu.

"'Yan uwa," in ji Malam, "ku ƙirga da kanku. A cikin shekara 40 sau nawa ke nan? Abin da yake maimaituwa haka ai ya daina zama ba-zata. Wanda damina ta doke shi ba laima sau goma, bai kamata ya ce ruwa ya shammace shi ba."

TANADI BA YA KORE TAWAKKALI

Daga nan sai ya juya ga wata magana da ya ce yana yawan ji, wato masu cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, don haka ajiye na gobe rashin tawakkali ne. Ya ce maganar farko gaskiya ce, amma sakamakon da aka ciro daga gare ta kuskure ne. Ya kawo ƙissar Annabi Yusuf (AS), wanda ya shawarci mutanen Masar su yi noma shekara bakwai na yalwa su adana, su ci kaɗan, domin shekara bakwai na fari da ke tafe, har ya nuna musu su bar hatsin a jikin zangarniyarsa. Ya ce a matsayinsa na malamin gona wannan wurin yana ba shi mamaki, domin haka kakanninmu suke yi, suna jera damman gero da dawa a rumbu ba tare da an sussuka ba, ya shekara biyu ko uku ƙwari ba su ci ƙarfinsa ba.

Ya ce kakannin namu wuya ce ta koya musu. Sun ga yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973. Shi ya sa a ƙauye magidancin da rumbunsa ya ƙare kafin sabon hatsi ya shigo abin kunya ne gare shi. Mu da muka dawo birni sai muka mayar da kasuwa rumbunmu. Ya ce a yunwar da aka yi a Jamhuriyar Nijar a 2005, wadda ta fi tsanani a yankin Maraɗi da Damagaram, akwai hatsi a kasuwa, farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Ke nan ganin buhuna jibge a Kasuwar Kawo ko Bakin Dogo ba ya nufin akwai abinci a gidanka.

Sai dai ya yi kashedi da a bambance tanadi da ɓoye kaya. Tanadi shi ne ka sayi abin da iyalinka za su ci, a lokacin da kaya ke da yawa a kasuwa. Ɓoye kaya kuwa shi ne ka kwashe abincin jama'a a lokacin ƙunci ka kulle kana jiran ya yi tsada, wanda Shari'a ta hana. Ya tuna yadda a watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, da kuma yadda farashin masara ya faɗo a 2025, waɗanda suka tara don kwaɗayin riba suka tafka asara. Wanda ya ajiye don cikin 'ya'yansa kuwa, in ji shi, ko farashi ya hau ko ya sauka tuwo dai za a ci.

NAWA ZA A AJIYE, KUMA TA YAYA?

A nan ne Malam ya fi daɗewa. Ya ce ƙungiyoyin agaji na duniya idan za su ciyar da mutum guda a sansanin gudun hijira suna lissafa masa kimanin giram 400 na hatsi a rana, da ɗan wake, da ɗan mai, da gishiri. Idan gida na da mutum takwas, kilo uku da ɗoriya ke nan a rana. Kwana 14 zai ci kusan rabin buhu, wata guda kuma buhun masara mai kilo 100. Ya ce kowa ya je gida ya zauna da uwargida su yi wannan lissafin da yawan mutanensu, domin ita ce ta san kwano nawa ake aunawa kullum, kuma duk tanadin da aka yi ba da saninta ba ba zai kai ko'ina ba.

Ya ce ya san wani zai ce, Malam, ni da ƙyar nake samun na yau, ina zan ga kuɗin buhu? Amsar ita ce ba a ce ka sayi buhu ba. Kwano ɗaya a mako, a zuba a jarka a rufe, a mance da shi. A shekara kwano 52 ke nan, alhali a lissafin kasuwa kwano 40 ne buhu. Wanda bai iya kwano ba, uwargida ta riƙa ɗebe dunƙulen hannu ɗaya daga awon kowace rana, kamar yadda iyayenmu mata suke yi. Wanda kuma yake da ɗan hali, lokacin saye shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Mutum biyar ko goma su haɗa kuɗi, su tura amintacce guda zuwa Saminaka ko Giwa ko Makarfi ya sayo, su raba kuɗin mota. Ya fi a jira watan Yuli da Agusta a riƙa awo da tsada.

Dangane da irin abin da za a ajiye, ya ce a ajiye abin da gidan ya saba ci: masara, dawa, gero, shinkafa, wake, garin kwaki, man gyaɗa ko manja, gishiri da kanwa. Kayan miya kuma a koma wa busassu, wato kuka, kuɓewa, karkashi, kauɗar tumatir, barkono da daddawa, waɗanda ba ruwansu da firij. Ya ce kada a manta da abin da ake ci ba tare da an hura wuta ba, irin su kwaki da suga, ƙuli-ƙuli, gyaɗa da dabino, domin akwai ranar da ko hayaƙi ba za a so a tayar ba, ko kuma ba makamashin.

Game da adanawa ya ce abokan gabar hatsi uku ne: danshi, ƙwari da ɓera. Hatsin da bai bushe sosai ba yana yin fumfuna, kuma fumfunar masara da gyaɗa tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A gwada ƙwaya da haƙori, idan ta fashe da ƙara ta bushe. Ko a zuba hatsin da busasshen gishiri a cikin kwalba mai tsabta a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran danshi, a sake shanyawa. Kada a ajiye buhu a kan siminti ko a jingina shi da bango, a ɗora a kan katako.

Maganin ƙwari kuwa, in ji shi, shi ne a hana su iska. A cika jarka mai tsabta taf da wake, a toshe bakin da leda a ɗaure murfi, ƙwarin da ke ciki za su mutu da kansu. Akwai kuma buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, ana samunsa wajen masu sayar da kayan gona. Ya ja kunne da babbar murya kan masu zuba maganin ƙwari na feshi irin su Sniper a cikin wake, da masu sa ƙwayar maganin hatsi a ɗakin da ake kwana. Ya ce wannan guba ce, an sha rasa rayuka ta haka. Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce a riƙa ci daga tsohon ana mayar da sabo, a rubuta watan da aka zuba a jikin kowace jarka.

RUWA, WUTA DA MAGANI

Malam ya ce mutum na iya jure yunwa na kwanaki, amma ba ya jure ƙishirwa. A duhun Oktoban 2024 abin da ya fara tsada shi ne ruwa, domin rijiyar burtsatse ba ta aiki sai da wuta, 'yan garuwa kuma suka ƙara kuɗi. Ma'aunin masu agaji shi ne lita 15 ga kowane mutum a rana, sha da girki da tsabta. Idan aka takaita ga sha da girki kawai, a ce lita biyar, duro mai lita 200 zai kai gida mai mutum takwas kwana biyar. Don haka kowane gida ya samu duro ko jarkoki masu murfi a cike kullum, ana amfani ana sabuntawa. Kowa kuma ya san rijiyar guga mafi kusa da shi tun yanzu. Ruwan da ba a amince da shi ba a tace, a tafasa shi sosai kafin a sha.

Ya koya wa mata haɗin ruwan gishiri da suga na mai gudawa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, da rabin cokalin gishiri. Ya ce wannan ɗan haɗin ya ceci yara masu yawa kafin a kai su asibiti, kuma ya fi kyau a ajiye na sacet da ake sayarwa a kemis. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma da mai sikila kada su bari maganinsu ya ƙare sannan su nema, su nemi shawarar likitansu kan ajiye na wata guda gaba. Gidan da ke da mai juna biyu a haɗa kayan haihuwa tun wata na bakwai, a kuma san wace ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ce a unguwa, da wanda zai ba da mota cikin dare.

A ɓangaren makamashi ya ce kada gida ya dogara da hanya ɗaya. Mai gas ya ajiye buhun gawayi da kurfoti. A samu tocila, ashana, fitila mai cajin rana da ƙaramar rediyo mai batir, domin ranar da aka katse layukan waya, kamar yadda aka yi a wasu sassan jihar nan a ƙarshen 2021, rediyo ce kaɗai za ta gaya maka halin da ake ciki. Amma abu ɗaya da ya ce bai yarda a tara a gida ba shi ne fetur. Ya ambaci mummunan haɗarin tankar mai na garin Majiya a Jigawa a watan Oktoban 2024, inda mutane fiye da 150 suka rasu, ya ce jarkar fetur a ɗakin haya ƙaramar tanka ce. Haka nan kada a kunna janareta ko a shigar da garwashi ɗakin da aka rufe, hayaƙinsu yana kashe mutum yana barci.

KADA A ZUBA ƘWAI A KWANDO ƊAYA

Da ya zo kan kuɗi, Malam ya ce wanda ya binne Naira a tukunya da wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a banki ɗaya, duk sun yi ganganci. Na farko hauhawar farashi za ta cinye shi yana zaune: Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Na biyu kuma ya tuna da abin da ya faru a Labanan daga 2019, inda bankuna suka hana mutane cire ajiyarsu, da kuma bankin Heritage da aka soke lasisinsa a nan gida a watan Yunin 2024. Ya bayyana cewa hukumar NDIC tana biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, kuma a 2024 an ɗaga adadin da take lamuncewa zuwa Naira miliyan biyar a manyan bankuna, amma kafin kuɗin ya fito ai sai an ci abinci.

Shawararsa ita ce a raba uku. Kashi ɗaya tsabar kuɗi a gida, gwargwadon cefanen mako biyu, a ƙananan takardu domin ranar tsanani ba a samun canji. Kashi ɗaya a banki. Kashi ɗaya a mayar da shi abin da ba ya narkewa, kamar hatsi, ko akuya da kaji, ko kayan sana'a irin su keken ɗinki da injin markaɗe. Ya ce labarin masaƙun Kakuri ya isa wa'azi: gidajen da suka tsaya da ƙafarsu su ne waɗanda uwargida ke da 'yar sana'a, ko maigida bai saki gonar gado ba. Duk gidan da bakin samunsa ɗaya ne, to a fara neman na biyu tun ana da na farkon.

Ya gargaɗi matasa kan masu alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ta tafi da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma gobe wata za ta zo da sabon suna. Haka nan bashin manhajojin waya mai ruwa, wanda ya ce ban da haramcinsa yana tozarta mutum a idon duk wanda ke cikin wayarsa. Wanda ake bi bashi ya fara rage shi, domin mai bashi ba ya iya tanadi.

JAKA ƊAYA A BAKIN ƘOFA

Malam ya ce duk abin da ya gabata na ranar da aka kulle mutum a gida ne, amma akwai ranar da gidan ne za a bari. Kogin Kaduna ya sha yin ambaliya, kamar a 2003 da 2012, mutanen Kigo Road da Rafin Guza sun san wannan. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare ta mamaye Maiduguri, a Mayun 2025 ruwa ya share wani sashe na Mokwa. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibanmu da ke karatu a Sudan sai ta kan iyakar Masar aka kwaso da yawansu. A irin wannan hali minti biyar ake samu.

Don haka a haɗa takardun gida ko fili, takardun makaranta, na haihuwa, katin ɗan ƙasa da katin asibiti a cikin leda mai hana ruwa, a sa a jaka ɗaya da kowa a gidan ya san inda take, a kuma ɗauki hotonsu a waya. A rubuta lambobin 'yan uwa a takarda. Kowane yaro ya haddace sunan mahaifinsa, unguwarsu da lambar waya ɗaya. Iyali su yanke shawara tun yanzu: idan abu ya faru yara na makaranta, wa zai ɗauko su? Idan maigida na ƙetaren gada, ina zai fake? Idan aka rabu, a gidan wa za a haɗu?

RUMBUN DA YA FI KOWANNE

A ƙarshen jawabin Malam ya ce duk wanda ya fahimci cewa ana nufin ya cika ɗakinsa ya kulle ƙofa, to bai fahimci komai ba. Gidan da ke da buhu goma a tsakiyar layin da ake kwana da yunwa ba shi da aminci, a wajen Allah da wajen mutane. Ya ce a rikice-rikicen da garin nan ya gani, mutane da yawa, Musulmi da Kirista, maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba ne ya ɓoye su ya tsirar da su. A kullen korona kuma kwanon tuwon da ake miƙawa ta katanga ya riƙe gidaje da dama.

Ya ba da shawarar kowane layi su zauna su san junansu: wane gida ne ke da marayu, ina tsohuwar da ba ta da kowa, wa ke da rijiya, wa ke da sola, wa ya iya aikin jinya. Su kafa ɗan rumbun layi, kowane gida kwano ɗaya a wata, a hannun mutum uku amintattu da littafin rubutu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a don kada zargi ya shiga. Mata kuma su mayar da wani kaso na adashinsu na hatsi a lokacin kaka.

TAMBAYOYI

Wata baiwar Allah ta yi tambaya cewa ɗaki ɗaya suke haya ita da maigida da yara huɗu, ina za ta sa buhu? Malam ya amsa mata da cewa, "Hajiya, ƙarƙashin gado. Jarka huɗu za su shiga, biyu na hatsi, ɗaya ta wake, ɗaya ta ruwa. Kin wuce mako biyu ke nan a ɓangaren abinci." Wani matashi ya ce duk lokacin da suka ajiye sai baƙi ko biki su cinye. Malam ya yi murmushi ya ce baƙo da rabonsa yake zuwa, a ba shi, amma a ɗauki abin da aka ɗiba a matsayin bashin da gida ke bin maigida, a mayar da shi da zarar an samu. Biki kuwa, ya ce, ba ya cikin abubuwan gaggawa, tun da an san ranarsa wata uku kafin ya zo.

Wani dattijo ya tambaya ko irin wannan magana ba za ta jefa tsoro a zukatan jama'a ba. Malam ya ce, "Baba, tsoro yana kama wanda bai shirya ba ne. Shi ne ke rugawa kasuwa ranar da aka ji ƙishin-ƙishin, ya saya da tsada, ya ƙara wa kowa tsada." Ya roƙi kowa kada ya kwanta a daren ba tare da ya yi abu ɗaya ba, ko da wanke jarka ɗaya ce a cika ta da ruwa.

An rufe zaman da addu'ar Allah Ya ba ƙasa zaman lafiya da damina mai albarka, Ya yaye wa talakawa ƙuncin da suke ciki. Matasan da suka shirya taron sun sanar da cewa a zama na gaba za a gwada wa mata yadda ake adana wake a jarka da buhun PICS a aikace, kuma ana roƙon duk mai zuwa ya taho da jarkarsa wankakkiya, busasshiya.